Turakun Bukkata a Tsibiri

Shekarar da aka raba gonar mahaifinmu, abin da na samu bai kai ya ciyar da gidana ba. Sai na ji labarin wani tsibiri a tsakiyar dam ɗin da ke yankinmu na Daura, ba mai nomansa. Na nemi izinin mai gari, ya ba ni. Niyyata in kafa bukka, in kai matata da awakinmu mu zauna can har kaka.

Wani tsohon masunci ne ya ɗauke ni a kwalekwalensa, farkon damina, da hantsi. Ban iya iyo ba. Tun da muka bar gaɓa na riƙe katakon jirgin da hannu biyu, shi kuwa yana ta yi mini ba'a, wai mutumin tudu ko a kwano ya ga ruwa sai ya yi salati. Ya sauke ni, ya ce zai je duba komarsa, sai la'asar zai dawo.

Da ya tafi, shiru ya rufe ni. Babu gida, babu hayaƙi, wayata ma ba sabis. Na zagaya wurin ina dubawa irin ta manomi. Gefen arewa tudu ne mai tsakuwa, ga suri, ga saɓar maciji a bakin wani rami. Ban ko tsaya ba. Gefen kudu kuwa ƙasa ce baƙa mai laushi, na damƙa na sansana, raina ya yi fari. A nan, ƙarƙashin wata bishiyar giyayya, na kafa turakun bukka guda shida.

Bayan na yi azahar na kishingiɗa a gindin bishiyar, na ɗaga kai. Sai na ga busasshiyar ciyawa ta nannaɗe a rassa, da wani tsohon silifa maƙale a ciki. Na miƙe tsaye na miƙa hannu, ban kai gare shi ba. Na daɗe ina tunanin wanda zai jefa takalmi can. Sannan na gane ba mutum ba ne. Ruwa ne ya ajiye shi.

Na je bakin ruwa na soka kara a daidai inda ya tsaya, na koma na zauna ina kallo. Ko ɗigo bai sauka a kaina ba ranar, amma an kwana biyu ana ruwa a gabas, kuma duk nan yake gangarowa. Kafin wani lokaci gindin karan ya nutse. Na sake soka wani. Shi ma haka. Ruwan ba ya ƙara, ba ya gaggawa, yana dai tahowa cikin ciyawa. Na tuna a nan na yi niyyar shimfiɗa wa matata tabarma.

La'asar ta yi, ba masunci. Na yi kira har muryata ta dushe. Da ruwa ya taɓa turken farko, na kwashi gatarina na hau tudun nan da na raina. Na tsaya a kan wani dutse, ido ɗaya a ramin macijin, ɗaya a ruwa, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Rana ta yi ja kafin na hango kwalekwalen. Tsohon ya ce komarsa ce ta sarƙe. Ya dubi turakuna cikin ruwa, wannan karon bai yi dariya ba.

"Malam, a nan ka so kwana da iyali?"

"A nan ne, Baba. Ƙasar ce ta ruɗe ni."

Ya nuna surin da bakin filafilinsa na tuƙi, ya ce gara ba ta gini inda ruwa ke kaiwa, giyayya kuwa ba ta tsiro sai inda yake kwana. Maciji, in ji shi, ana iya share wuri a zauna da shi.

A hanyar komawa ya tambaye ni ko na fasa. Ba ni da wata gonar, saboda haka na ce ya dawo da ni gobe, gefen tsakuwa. Amma ni kaɗai. Matata da awakin suka zauna a gida, kuma duk daminar nan ban yarda ta taka tsibirin ba.