Mujiyar da Na Kora Daga Gonar Alkama

Shekarar da na ajiye alli bayan doguwar koyarwa a Gusau, sai na faɗa noman rani a wata fadama ta gefen Bungudu, na ce alkama zan shuka. Mai ɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, kai da ko barkono ba ka taɓa rayawa ba?"

Na bugi ƙirji na ce alkakin garar 'yarmu da za a aurar bayan salla, da alkamar gonata za a yi shi. Ta bi dangi kaf ta shaida musu, don kada in sami hanyar zillewa.

Alkama kuwa ta yi kyau. Tana fara ƙosawa jan-baki suka sauko, waɗannan 'yan tsuntsayen da ke zuwa garke guda. Na zuba tsakuwa a gwangwanaye na jera a igiya, ina ja daga rumfa ina ihu. Na sa wa mutum-mutumi tsohuwar rigata ta makaranta, kwana biyu suka mai da hularsa wurin hutawa. Ban taɓa riƙe aji mai taurin kai irin nasu ba, amma da ihu da majajjawa na fi ƙarfinsu.

Kuskurena a wani wuri yake. Akwai tsamiya a bakin gonar, wata mujiya na zaune a kogonta. Mun taso ana ce mana kukanta ba alheri ba ne, ga kuma biki a gabana. Na tara yayi na banka mata hayaƙi har ta tashi, na koma gida ina jin kaina jarumi.

Mako biyu bayan nan na fara tarar da karan alkama a datse daga gindi, an ja zangarniya zuwa ramuka. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na hango dariyar dangi. Maƙwabcin gonata, wani dattijo mutumin Karakkai, ya ja ni gindin tsamiya, ya sa sanda ya farfasa wasu busassun dunƙule-dunƙule da mujiya ta amayar. Gashi ne da ƙasusuwan ɓeraye.

"Malam, aikin kusu na wanga da kaka gani," in ji shi. "Ka kori maigadin da bai taɓa roƙonka ko goro ba."

Kunya ta rufe ni. Ya sa na nome ciyawar gefen gona tas, muka tone ramuka, muka ɗana tarkuna, muka kafa dogayen sanduna masu giciye don mujiya ta sami wurin sauka in ta dawo. Kullum da safe sai na fara duba gindin tsamiya. Ranar da na ga sabon dunƙule, wallahi rawa na taka da furfurata.

Alkama ta ishi gara har da ragi. Ranar tuya gida ya cika da ƙamshin zuma da guɗa, mai ɗakina ta miƙo mini ƙunshi biyu.

"Wannan na dattijon ne. Wannan kuma ka ajiye gindin tsamiya."

"Mujiya na cin alkaki?"

"Ba ta ci," ta ce tana murmushi. "Amma ɓera zai zo ci, ita kuma ta san sauran."