Muryar Yaya Sani ga sababbin shiga

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana, Yaya Sani, mai walda a zangon Sokodé. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi. Likitoci ba su ce kai tsaye hayaƙin walda ne ba, don haka ni ma ba zan ce ba, ko da yake na san irin tarin da yake yi tun ina sakandare.

Cikin abin da ya bari, wanda ya fi yi mini nauyi shi ne wani zauren hira a waya da ya buɗe wa masu walda da maƙera, daga Sokodé har Dapaong. A lokacinsa, duk wanda ya shigo sabo ba ya tura hoton ƙofa ko taga sai ya yi sallama da muryarsa, ya faɗi garinsu da maigidan da ya koya masa. Sannan Yaya ya amsa masa, kusan da magana iri ɗaya kullum: "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Duk duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an ce maka ya shekara a bushe, kada ka kai masa wuta sai ka cika shi da ruwa har baki. Mai tankin zai ce sauri yake yi. Bar shi da saurinsa, ba fuskarsa ce a wurin ba." Abokansa har suna tsokanarsa da Limamin Ruwa.

Da ya rasu, wayar ta dawo hannuna, zauren ma haka. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa yin walda ba. Manyan zauren suka ce a bar ƙofa a buɗe, kowa ya shigo da kansa, kuma na ga suna da hujja. Direbobi da 'yan kasuwa daga Nijar da Najeriya suka cika wurin suna neman mai gyara musu bodin mota, mutane da yawa sun samu aiki. Sai dai sallama ta ɓace. Mutum ya shigo da safe, kafin azahar talla ta binne shi.

Bara wani magidanci daga Nano, Malam Adamu, wanda ya koma walda bayan shanunsa sun ƙare, ya shigo ya tambayi yadda zai yanka duron fetur ya yi wa mai tsire murhu. Wani ya ce masa, "Ɗauraye shi ka sa wuta, baba, ai ba bam ba ne." Ina gani na tura masa tsohon saƙon Yaya, a zaure da kuma ta gefe. Wayar ta nuna bai buɗe ba. Duron ya fashe a gabansa. An kai shi asibiti a Dapaong, bai tashi ba. Wanda ya ba shi waccan shawarar ya fice daga zauren shiru, washegari tallar fenti ta ci gaba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin zai yi fushi, amma ba ni da tabbas da wa. Wataƙila ma yawan jama'ar zai fi ƙarfinsa kamar yadda ya fi nawa.

Abin da na iya shi ne na rufe ƙofar. Yanzu mai son shiga sai ya kira ni, in kunna masa muryar Yaya ya ji har ƙarshe. Alhaji Musa, tsohon abokinsa na Dapaong, ya ce mini, "Kai ɗan boko, zaure muka ba ka ko shingen duwan?" Shingen 'yan kwastan yake nufi. Mutane da dama sun fita sun buɗe nasu, an ce ya fi namu girma, kuma can ba a tsayar da kowa. Wannan yana damuna, don mai yiwuwa na kori waɗanda suka fi bukatar ji.

Shagon Yaya an sayar, ƙofofin da ya haɗa an sake musu fenti, ba wanda ya san nasa ne. Makon jiya wani daga Adjengré ya kira, na kunna masa. Da ya gama ji ya ce, "Ba ni maigidan nan mu gaisa." Na gaya masa ya rasu. Ya ce Allah ya jiƙansa. Sannan ya ce, "Malam, sake kunna mini. Akwai tanki a gabana yanzu, mai shi yana tsaye."