Man Gyaɗar da Na Matse

Uwata ƙuli-ƙuli take yi, uwarta ma shi ta yi. Tun ban kai tsawon taɓarya ba na san yadda ake soya gyaɗa, a murje ɓawon, a daka, a riƙa zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso, a matse shi tas a bar tunkuza. A gidanmu, can wajen Tasawa, macen da ta bar mai a cikin tunkuza ba ta iya aiki ba, kuma a gaban kowa za a faɗa mata. Da wannan hannun na tafi Riyad aikatau, ina da shekara talatin da takwas, ko sunana ban iya rubutawa ba.

Gidan kafilina, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, a unguwar Badi'a yake. Kicin biyu ne, na ciki na kwalliya, na waje na wahala, kuma a na wajen aka ajiye ni. A can na tarar da wata 'yar Indunusiya, gajeruwa, ta girme ni da kusan shekara goma, ta shekara goma sha shida a gidan. Larabawa Jawiya suke ce wa irinsu, mu kuma Takruniya. Da haka muka riƙa kiran juna, amma a bakinmu bai zama zagi ba. Larabcin kicin muke yi, nata a karye, nawa a karye, kuma muna gane juna sarai, musamman in faɗa ne.

Wasu Juma'o'in mutanen gidan kan tafi istiraha, wato gidan shaƙatawa da suke kamawa a bayan gari. Ranar da aka fara tafiya da ni, sai na gan ta ta tsuguna gaban gawayi tana jera naman kaza a tsinke.

Na ce, "Ke Jawiya, wa ya koya miki tsire?"

Ta ce, "Sate sunansa."

"Tsire ne. Kuma a garinmu aikin maza ne, mace ba ta tsayawa bakin tukuba."

"To mazan naku sun biyo ki nan? Yalla, karɓi mafici, bakinki ya huta."

Na karɓa. Shekara biyar ina riƙe mata mafici.

A bakin wannan wutar na koyi rabin aikin, ba don ina so ba, sai don ba ta iya yin shiru. Cinya ake sa wa, ba ƙirji ba, don ƙirji bushewa yake kamar audugar katifa. A yanka ƙanana kamar kan babban yatsa. A kwaɓa da tafarnuwa da albasa da kurkum da citta da wani baƙin ruwa nasu mai zaƙi kamar maɗi, a bar shi ya jiƙu tun da safe. Tsinken kuma a nutsa shi a ruwa kafin a soka nama, in ba haka ba shi zai riga naman ƙonewa. Yanka huɗu a tsinke, da 'yar fata guda a tsakiya don ta riƙa ɗigar da maiƙo. Gawayi sai ya yi farin toka, kada a ga harshen wuta. In na fifita da ƙarfi wuta ta tashi, sai ta buge mini hannu.

"A hankali, Takruniya! Kaza ce, ba kishin wani kike hurawa ba."

Abin da ake ci da shi kuwa na yi masa dariya har na gaji. Shinkafa take zubawa a leda mai ƙarfi, kashi ɗaya cikin uku, ta huhhuda ta da allura, ta ƙulle, ta jefa a tukunya ta yi ta dahuwa har ta cika ledar tam. Sai ta danne ta da turmin ƙarfe ta huce, ta yayyanka kamar sabulu. Ta ce a garinsu da ganyen ayaba ake yi. Na ce ni dai tuwon shinkafa mai sanyi na gani, irin wanda muke ba almajirai in ya kwana. Sannan kokwamba, ta ƙwaƙule 'ya'yan cikin, ta haɗa da karas da ƙananan jajayen albasa da ɗanyen barkono, ta zuba ruwan tsamin nan da ake kira kal da sukari da gishiri. Wannan kam na yarda da shi tun cin farko, yana wanke maiƙo a baki, amma ban faɗa mata ba.

Inda muka raba gari shi ne miyar gyaɗar da ake tsoma naman. Gyaɗa da sukari da tsamiya da madarar kwakwa, a kan nama! Na ce wannan kunun gyaɗa ne ya ɓace hanya. Mu yaji muke yi, garin ƙuli-ƙuli busasshe, shi ne mutuncin tsire. In ta ɗora tukunyar miyar sai in juya baya in kama wanke-wanke.

"Zo ki gani mana. Wata rana ba na nan."

"In ba kya nan sai a ci abincin kirki."

"To rubuta. Ga takarda, in faɗa miki."

Na ce, "Kaina ya fi takardarki."

Ƙarya nake. Ban iya ba ne, kuma na gwammace ta ce ina da girman kai da ta san ban san alif na boko ba. Wannan halin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

A shekara ta shida ta fara ramewa. Abaya ta yi mata yawa, in ta ci loma uku sai ta dafe ciki. Ba zan yi wa uwargidan ƙarya ba, ta tsaya mata, da kanta ta kai ta wani asibiti a Shumaisi. Aka ce ciwon daji ne a ciki, kuma ya riga ya yi nisa. Jawiya ta ce a mayar da ita gida ta mutu gaban 'yarta. Kafili ya yi mata takardun fita na ƙarshe, aka sa jirgi ranar Litinin.

Ranar Laraba ta kira wayata daga gadon asibiti, murya kamar ta tsohuwa.

"Takruniya, abincinsu ba ya wucewa. Likita ya ce in ci duk abin da raina yake so. Ki yi mini sate ranar Juma'a. Da komai nasa."

Na ce, "Tsire dai."

"Ko me kika kira shi. Kin iya miyar?"

"Ni za ki tambaya gyaɗa?"

Ga wayar a kunnena, ga ta da sauran numfashin da za ta faɗa mini. Tambaya ɗaya ce. Ban yi ba.

Juma'a da sassafe na ɗora shinkafa a leda. Na jiƙa tsinke, na yanka cinya, na haɗa kokwamba yadda take yi, ban rage ko ɗaya ba. Sannan na soya gyaɗa, na murje, na daka ta ta yi laushi. Na zuba ruwan zafi na kama juyawa, mai ya taso, na matse shi tas na tsiyaye a kofi. Ban tsaya tunani ba. Haka ake yi wa gyaɗa, haka na tashi na gani. Har ina jin daɗi, ina cewa marar lafiya ba ta bukatar maiƙo. Man kuma na shafe naman da shi a kan wuta. Tunkuzar na dama da madarar kwakwa da tsamiya, sukari na sa rabin abin da ya kamata don hannuna ya ƙi zuba sauran. Miyar ta fito fari-fari, da kauri, tana tsagewa a sama kamar ƙasar fadama da rani. Na ga ba ta yi kama da tata ba. Na ce ai ɗanɗano ne magana.

Bayan sallar Juma'a direban gidan ya sauke ni a asibiti. Na tarar an tayar da ita zaune da filo biyu, ta ɗaura ɗankwalinta mai furanni. Tun daga ƙofa ta shaƙi ƙamshin hayaƙin ta lumshe ido. Na buɗe kwanoni ɗaya bayan ɗaya. Ta danna shinkafar da yatsa ta gyaɗa kai. Ta duba tsinken ta ga bai ƙone ba. Da na buɗe na miya sai ta leƙa, ta daɗe tana kallo.

"Ina man?"

"Wane mai?"

"Man gyaɗar. Jan man da yake tasowa a sama."

"Na matse."

Ta dube ni. Sai ta fara dariya, tana dafe ciki, hawaye na zuba, har matar gadon kusa ta ɗaga labule.

"Ya Allah, Takruniya! Shekara shida! Man shi ne miyar. In ya taso ya yi ja a sama, shi ne ta nuna. Ke kuma kin kore shi tun kafin ya shiga tukunya. Kin kawo mini ƙuli-ƙulin uwarki da ruwa."

Na fara tattara kwanon, ta riƙe hannuna.

"Bari. Waye ya ce ba zan ci ba?"

Ta tsoma yanka ɗaya ta kai baki. Na ga yadda miyar ta maƙale mata, ta kora da kokwamba. Ta ci yanka biyu, da shinkafa guda ɗaya, ta ce alhamdulillahi. Sannan ta ce in matso, ta faɗa mini tun daga farko. A niƙa gyaɗar da manta. A soya albasa da tafarnuwa da barkono tukuna. A zuba gyaɗa da madarar kwakwa da ruwan tsamiya, sukari kuma a daina yi masa rowa. Wuta ƙasa-ƙasa, a yi ta juyawa, kada a gaji, har man ya rabu da kansa ya hau sama. Wannan karon ban juya baya ba. Na sa ta maimaita sau biyu, na ce mata, "Ban iya rubutu ba, shi ya sa."

Ta ce, "Na sani tun shekarar farko. Kina riƙe takardar cefanen kanti a juye."

Na roƙi uwargida ta bar ni in koma ranar Lahadi, ta yarda. Na sake komai daga farko. Na tsaya kan tukunyar ina juyawa, hannuna na ƙaiƙayin matsewa, har na ga jan man ya fara fitowa ta gefe, ya kewaye, ya rufe saman. Na ɗauka da zafinsa.

Da na shiga ɗakin na tarar an sa mata roba a hanci. Wata nas ta tare ni ta ce tun Asabar cikin ya toshe, ko ruwa an hana ta sha ta baki. Ashe Juma'ar nan ita ce rana ta ƙarshe da cikinta ya karɓi abinci, kuma abin da ya karɓa nawa ne, wanda na lalata.

Duk da haka na buɗe kwanon na kai mata kusa da fuska. Ta kalli man. Ta sa ɗan yatsa ta taɓa, ta shafa a leɓenta, ta bar shi nan.

"Ya yi," ta ce. "Shi ke nan, kin iya. Ba ma'aikatan su ci, kada ki mayar."

Washegari aka kai ta jirgi a keken marasa lafiya. Ban raka ta ba, akwai baƙi a gidan. Kafin wata ya cika 'yarta ta turo mini saƙon murya cikin yarensu. Ban ji komai ba sai innalillahi, kuma ya ishe ni.

Na ƙara shekara biyu a gidan, ni ke yin saten istiraha, ba mai riƙe mini mafici. Da na dawo gida na shiga makarantar yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da shida, na zauna benci ɗaya da sa'o'in 'yata, wanda ya yi dariya na ba shi amsarsa. Da hannuna ya fara faɗawa, malama ta ce kowa ta rubuto abin da ta iya dafawa. Sauran suka kawo tuwo da miyar kuka. Ni na cika shafi biyu: cinya, jiƙa tsinke, shinkafa a leda, kokwamba da ruwan kal. A ƙasa na rubuta da manyan baƙaƙe, kada a matse man. Malama ta ja jan biro ta ce wannan wane irin aikin gyaɗa ne. Na ce ta gyara mini baƙaƙen kawai, maganar ta bar ta yadda take.