Baƙo a Taron Yajin Aiki

Dakta Nahid ta kasa ɗauke ido daga baƙon da ke zaune can baya a zauren ƙungiyar likitocin lardi, inda ake muhawarar yajin aiki. Farar rigarsa ta sha guga, ga abin awon ƙirji rataye a wuyansa. Wane likita ke zuwa taro da wannan?

"Dakta Girgis, ka san wancan?" ta raɗa wa na kusa da ita.

"Ɗan gayun? Sabon shiga ne, ƙyale shi."

Ana haka zafi ya kayar da wani dattijo. Duk likitocin suka yi kansa. Baƙon kaɗai bai motsa ba. Ya duba agogo, ya rubuta lokacin.