Tabkin da kawu ya taka da ƙafa

Kwanan baya muna kwashe kayan marigayi kawuna, sai na ci karo da wata riga mai nauyi a ƙasan akwati, wuyanta da gashi kamar na tunkiya, tana ta ƙamshin kafur. Ina ɗaga ta na tuna shekarar da ya dawo daga Kanada, ina 'yar yarinya, ba mu daɗe da barin gungunmu ba.

Kai mai karatu, wataƙila ba ka san gungu ba. Tsibiri ne a tsakiyar kogin Kwara, kudu da Yauri. Can aka haife ni, can kakana, mahaifin Inna, yake noman albasa da rani, ya yi su da damina. Da aka datse ruwa a Kainji, aka kwashe mu zuwa sabon gari a kan tudu, gidajen siminti masu rufi mai lanƙwasa, ruwa kuma ya taso a hankali har ya shanye gungun. Tun ranar da muka tashi, Kaka bai sake sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Ya jingine gorarsa ta tuƙa jirgi a bayan ɗaki, ya ce wannan ba kogin da ya sani ba ne. Yini yake yi a gindin bango, ya ba ruwan baya, yana ta ramewa.

Kawu shi ne autansa. Yana gyaran injin jirgi wurin masu aikin dam, su suka tura shi ƙasar sanyi ya koyo yadda ake su a babban tabki. Ya dawo cikin hunturu, lokacin da muke jin wuta da safe, amma shi sai ya fito da 'yar shara yana mana dariya.

Da hantsi mutane suke taruwa a ƙofar gida don jin labari. Ya ce a can rana ba ta fitowa sai ta ga dama, kafin la'asar ta yi nisa kuma ta faɗi. Ya ce ranakun hutu masu masaukinsu sukan fita da su yawo, shi da abokan tafiyarsa. Sun ɗaura musu takalma masu faɗi kamar faifai don kada su nutse a dusar ƙanƙara, sun sa su a wani abu mai kama da kwalekwale, karnuka suna ja da gudu. Nan tsofaffi suka yi ta salati, wani ya ce ashe akwai ƙasar da kare yake da sana'a. Ni kuwa tambayata ita ce ko dusar tana da ɗanɗano. Ya ce ya lasa, ruwa ne kawai.

Kaka bai kula ba sai da aka zo labarin tabki. Kawu ya ce wata safiya an kai su wani fili fari fat, ba iyaka, har mota tana tafiya a kai. Sai da suka yi nisa aka gaya musu a kan ruwan tabki da ya daskare suke. Ya ce nan take ya tsuguna yana kiran sunan Allah, Turawan suna dariya. Daga nan aka huda rami, kowa ya kifa bokiti ya zauna, ya zura ƙugiya.

Kaka ya juyo. "Mi ka ce? Kifin shina da rai a ƙasa?"

"Da ransa, Baba. Ni da kaina na jawo."

"In ka duƙa, kana ganin abin da ke ciki?"

"Inda ƙanƙarar ta yi garau, ana ganin duwatsu da ciyawa."

Kwanaki Kaka ya yi yana kiran kawu gefe yana ƙara tambaya: kaurin ƙanƙarar, yadda kifi ke numfashi, ko akwai garuruwa a ƙarƙashin nasu tabkin. Rannan da safe sai ya ce a kai shi gungu.

Inna ta ƙi. Tabkin a lokacin ya ci mutane, don igiyar ruwansa ba irin ta kogi ba ce, ga busassun itatuwa a ɓoye suna fasa jirage. Ta ce tsoho mai tari ba shi da abin nema a can. Kaka ya ce ba shawara ya nema ba. Ya dube ni, da yake amaryarsa yake kirana don wasan jika, ya ce, "Amarya, taso ki raka mijinki." Inna ta yi ƙwalla, amma ta ɗaura mini zane biyu.

Hazo yana kwance a kan ruwa muka tashi. Ban ga komai ba sai ruwa, amma Kaka yana duban duwatsun gaɓa yana nuna wa kawu hanya da hannu. Can muka hangi rassan wani rimi sun leƙo, tsuntsaye farare a kai. Rimin ƙofar gidanmu ne. Kawu ya kashe inji. Kaka ya zura gorarsa har ƙarshenta, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya duƙa ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana leƙe. Ni ma na leƙa, ruwan jawur, ko yatsana ba na gani.

Ya ɗaga hannu ya yi wa iyayensa addu'a, su da suke kwance a ƙasan wurin, muka shafa. Sannan ya ce wa kawu, "Namu ba ya daskarewa, ba kuma a gani. Amma yau na tsaya bisa gidana." Ya miƙa hannu a ba shi ƙugiya. Kafin rana ta take ya jawo karfasa manya, yana dariya, ya ce kifi ya samu ɗakin kwana a rumbunsa. Daga ranar ya koma ruwa, shi da kawu, ɗa yana koya wa uba tabki, uba yana nuna masa inda tsohon kogi ya bi. Ya ƙara shekaru masu yawa, ya kuma yi ƙiba.

Yanzu rimin ya ruɓe ya faɗi. Jikokina suna kallon ƙasashen ƙanƙara a waya, ba abin da ke ba su mamaki. Amma duk lokacin da muka hau jirgin zuwa garin Wara ranar kasuwa, na nuna musu ruwa na ce nan aka haife ni, sai su leƙa, su tambaye ni ko ƙofar ɗakin tana nan.