Sandar Fatsar da Ba Ni Na Saya Ba

Jama'a, abin nan da zan ba ku a kaina ya faru, ba ji na yi ba, wallahi tallahi, shekarun baya lokacin ina aikin gadi a Doha, muna zaune a Mansura mu huɗu a ɗaki ɗaya. Ni ɗan Yawuri ne, gidanmu masunta ne kaka da kakanni, kuma bakina bai da linzami, kullum sai na cika wa 'yan ɗakinmu baki cewa kifi da kansa yake sanin ƙamshina. Alhali tun ina ƙarami aka kai ni birni, ko koma ban iya jefawa ba.

Rannan Bello, wani Bakano direba da muke ɗaki ɗaya, ya ce, "To Sarkin Ruwa, khalas, mun gaji da labari. Juma'a sai teku."

Muka shiga wani shago na kayan kamun kifi, sanduna jere kamar rake, kowace da ɗan injinta mai naɗe zare. Mai shagon ya tambaye ni wane irin kifi nake nema, ya ce in ƙanana ne na bakin duwatsu in ɗauki siririyar sanda mai laushi da ƙaramin inji, don ita ke gaya wa hannu in kifi ya taɓa. Bello na tsaye yana kallona. Ai sai na nuna wata jibgegiya mai kaurin taɓarya, injinta kamar tukunya, na ce wannan ce ta maza.

Bayan la'asar muka isa bakin teku wajen Wakra. A gidanmu ba a taɓa ruwa sai an tsuguna an yi masa sallama, haka na ga ana yi tun tasowata, amma ina tuna yadda za su kira ni baƙauye mai camfi, sai na haɗiye. Na ɗaga sanda na wurga da ƙarfi, zaren ya harɗe ya zama kamar sheƙar tsuntsu, ƙugiyar kuma ta dawo ta kama ni a ƙafar wando. Kai! Dariyar da suka yi har wasu Indiyawa da ke gefe suka taya su. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ja sandata na bi wasu duwatsu da suka miƙe cikin ruwa, hanya ɗaya ce shiga da fita, don kawai in ɓoye fuskata. A can ƙarshe na tarar da wani dattijo zaune, ƙafafunsa cikin ruwa, da 'yar siririyar sanda a hannunsa. Bai ko juyo ba ya ce, da Hausa irin ta bakin kogin garinmu, "Ku 'yan gidan kun bar sallama ne yanzu?"

Na tsuguna na yi sallamar, gare shi da ruwan duka. Ya ce in ajiye wannan gungumen, ba nawa ba ne, ya miƙo mini tasa. Ina sakin zare na ji an taɓa, har cikin yatsuna. Na naɗe a hankali, sai ga kurungu yana kukan nan nasa. Kurungu fa! Kifin kogi, a cikin ruwan gishiri.

Wallahi abin da ya fara zo mini ba tsoro ba ne, Bello ne. Na ce yau zan toshe masa baki. Har na juya da kifin a hannu, sai dattijon ya ce, "Na farko ba naka ba ne, ka sani." Na tsaya ina kallon kifin nan, mutuncina kenan gaba ɗaya yake motsi a tafin hannuna. Na sunkuya na sake shi. Ina ɗagowa, babu dattijo, babu jibgegiyar sandata, sai dutse a bushe.

Na koma wajen su Bello babu kifi, sai siririyar sandar dattijon a hannu, wando a yage. Na tambaye su ko sun ga wani tsoho ya wuce, suka ce ko kyanwa ba ta wuce ba, ni kaɗai suka hango a tsugune. Bello ya dubi hannuna ya ce, "Au, har ka yi musaya da ta yara? Yalla, Sarkin Ruwa, mu je ka saya mana shawarma." Sunan nan na zolaya ya bi ni har na bar ƙasar, kuma ban taɓa gaya musu na kama komai ba, wa zai yarda?

Sandar na tura ta ƙarƙashin gado. Doha da zafinta, riga ma kafin ka juya ta bushe, amma bayan wata guda na jawo ta na tarar zaren jiƙe sharkaf, yana ɗiga. Na dangwala na kai baki. Babu gishiri ko kaɗan, ruwan kogi ne, har da ƙamshin laka. Yanzu ma da nake rubuta wannan tsigar jikina tashi take.

Ban san ko wane ne ba, ban kuma nemi sani ba. Ni dai shawarata, in za ku sayi sanda ku sayi daidai hannunku, kuma duk ruwan da kuka je, ko na wace ƙasa ne, ku yi sallama ko da ana muku dariya. Ba ku san wa ya riga ku zama ba.