Sharar da Baba Zuzu Ya Gani a Gona

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe na wakansi, wato babban hutun makaranta, shekarar da zan shiga CM1, aji biyar na firamare, wan babana ya sa na ɗauko masa buta da lema na bi shi gona. Hantsi ne, rana ta fara cizo. Yana sanye da farar jallabiya da takalmin birni mai igiya, wanda yashi ya cika tun kafin mu fita gari, ni kuwa ina bayansa ina ƙunƙuni, don an taso ni daga wasan carabke ina cikin ci. Da muka kai kusurwar gonar ta wajen burtali, inda aka cinye wa Baba wake, sai ya tattare jallabiyar ya tsuguna. Mutumin da ake miƙe wa tsaye in ya shiga kotun ɗaukaka ƙara a Yamai, shi ne na ga yana tonon yashi da ɗan yatsa har ya zaro ƙwayar kashin akuya, ya murje ta, ya shinshina. Bai dube ni ba. Ni ce dai na ji butar ta yi mini nauyi.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Ƙauyenmu yana gindin dutse, tafiyar sa'a ɗaya a ƙasa daga Filinge, kuma da damina ba a sakin awaki, sai a turke ko a hannun yaro. Awakin Inna biyar a hannuna suke. In na gama ɗebo ruwa da wanke-wanke, sai in kora su saurar da ke bayan gonarmu, in ɗaure kowace a gindin sabara, in zauna har la'asar. Ranar Lahadin makon nan manya duk sun tafi kasuwar Filinge, ƙawayena suka biyo za su wanka a tabki. Na yi wa igiyoyin ɗaurin da ko kaza za ta kwance, na bi su. Da na dawo, kitsona na ɗigar ruwa, awaki uku suna tsakiyar waken Baba, sun aske shi kamar kan jariri ranar suna. Na kore su na ɗaure, sannan na karyo reshen sabara na koma na share sawunsu tas, daga inda suka shiga har inda suka tsaya. A lokacin gani nake duk ƙasar Kurfai babu yarinya mai wayona.

Washegari Baba ya ga ɓarna, ya ga sawun shanu a burtali, ya gama shari'arsa a tsaye. Shanun da ke bin burtalin nan zuwa tabki na Sambo ne, Bafillacen da rugarsa ke arewa da mu. Tun zamanin kakanmu akwai alkawari tsakanin gidansu da namu: in an cire amfani aka saki gonaki, shanunsu su kwana a gonarmu duk rani, su ci kara, su sha rijiyarmu, su bar mana taki, mu kuma mu kai musu damman hatsi. Ba takarda, haka kowa ya tashi ya tarar. Ranar Talata aka zauna gaban maigari. Sambo ya ce shanunsa ba su taka gonar ba, a kawo Alƙur'ani ya dafa. Baba ya ce shi ba zai sa maƙwabci rantsuwa a kan wake ba, kuma ba ya son a biya shi komi, amma bana shanun Sambo ba za su kwana a gonarsa ba. Maigari ya ga gardama ta ƙare bai sha wahala ba, ya shafa fatiha. Wanda bai san ƙauye ba zai ce Baba ya yi sassauci. To, makiyayin da aka kora daga gonar da ubansa ya kwana, kuma a kan ɓarna, babu manomin da zai karɓe shi a kusa. Sai dai ya kwashi iyali ya nemi wata rijiya can wajen Sanam.

Da yammacin Talatar nan wan Baba ya sauka daga motar Yamai. Baba Zuzu muke ce masa, don zuzu shi ne alƙalin gwamnati a bakin mutanenmu. Shi ma da kiwon awaki ya fara, a saurar nan tawa. Shekarar da aka zo rubuta yara a lakwal, wato makarantar boko, kakanmu ya dubi ƴaƴansa ya ba da wanda hauya ba ta zauna a hannunsa ba, ya riƙe Baba. Daga nan sai kolej a Filinge, lise, wato babbar sakandare, a Yamai, jami'a, sannan aka yi ta jefa shi garuruwa yana alƙalin ƙaramar kotu, gabas da arewa, inda yake cewa ƙarar da ake kawo masa in ba iyakar gona ba to gado ne. Ya yi furfura kafin a kai shi kotun ɗaukaka ƙara. Ban gane aikin ba sai da ya faɗa mini da kansa wata rana ina kai masa shayi: "Wani alƙali ya riga ya yanke. Mu namu shi ne mu duba wurin da bai duba ba." Duk wakansi mutane kan cika zaurenmu da ƙararraki, wasu da kaza a hammata, shi kuwa ya sa a dama musu fura, ya mayar da su wurin maigari da kazarsu. Ni haushinsa nake ji. Mutum ne mai jinkiri a komi, ko ruwa ka tambaye shi zai sha, sai ya yi shiru kamar yana jiran ɗaya ɓangaren ya iso. Baba ya ba shi labarin Sambo a kan tuwo, yana jiran a ce ya kyauta. Baba Zuzu ya tambayi abu ɗaya, ko maigari ya je gonar. Aka ce bai je ba. Ranar Laraba ya tafi rugar Sambo shi kaɗai ya yini. Ranar Alhamis ya ce in ɗauko buta.

Ya daɗe a tsugune. Ya nuna mini waken, ya ce saniya da harshe take naɗowa ta tumɓuke har saiwa, akuya kuwa tsinka take ganye-ganye ta bar kara. Yana faɗa kamar mushe, malamin lakwal, a aji. Sannan ya miƙe ya nuna yashin da ke ƙarƙashin hatsi, inda iska ba ta kai ba, sai a lokacin na ga abin da na yi. Sharar tsakar gida na yi, irin wadda Inna ta koya mini da ranƙwashi, baka-baka, layi bayan layi, ina ja da baya kada in taka, har na tara kashin awakin a gefe ɗaya na rufe da yashi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa shi da Baba ba sa kiran sunana. Ya ce, "Uwata, na ga shanu da yawa, ban taɓa ganin wadda ta iya shara ba." Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. "Ba ni za ki hwaɗa ma ba, ni baƙo ne. Amma a wurin aikinmu akwai wa'adi. Lahadi za ni tahiya. In anka kira mota ba ki yi magana ba, ni za ni yi kahin in shiga, don Sambo ba shi kwasar ɗiyanshi saboda ke. Sai dai in ni na hwaɗa, har ki tsuhwa ke ce yarinyar da anka kama." Ya karɓi butar ya wanke hannu, muka koma gida.

Kwana biyu na yi ina neman ƙofar fita. Na yi surfe ba a sa ni ba, na ɗaure awakin da ƙullin da sai da Inna ta sa haƙori, na yi ta leƙen fuskarsa ko zai manta. Yana nan ƙarƙashin dogon yaro da dosiyoyinsa na shari'a da jan biro, in na wuce ya ce in ƙaro gawayi, shi ke nan. Ranar Asabar da safe Fanta matar Sambo ta shigo da ƙwaryar nono kamar kullum. Ta gaisa, ta auna, sannan ta tambayi Inna ko za ta riƙe mata kajinta in lokaci ya yi, tunda ba a doguwar tafiya da kaji. Inna ta ce to, ta juya tana gyara wutar da ba ta mutu ba. Ba zan ce tausayi ne kaɗai ya kama ni ba. Na fi tsoron a faɗa ina tsaye kamar tunkiya a kasuwa fiye da tsoron bulalar Baba.

Bayan azahar Baba da wansa suna zaure, Baba yana tufkar igiyar ɗaurin dami. Na tsaya a ƙofa na harɗe hannu kamar mai hadda a gaban mushe, na faɗi komi a numfashi ɗaya, har da tabki, har da reshen sabara. Baba ya naɗe igiyar a hannu ya yunƙura. Wansa bai hana shi ba, cewa kawai ya yi, "Ɗiyarka ce, tana nan har magariba. Sambo ne ba shi jira." Baba ya ce zai aika a gaya masa. Baba Zuzu ya ce a'a, a gaban mutane aka kore shi, a gaban mutanen nan za a mayar da shi, kuma maigari ne zai faɗa da bakinsa tunda shi ya shafa fatiha. Wannan ne kaɗai lokacin da na ga ya matsa wa wani a ƙauyenmu, kuma ko a zaman da aka sake bayan la'asar, can baya ya zauna cikin masu sauraro. Aka tsayar da ni na maimaita a gaban dattawa. Baba ya ba Sambo haƙuri murya ƙasa-ƙasa, wani tsoho ya ce ba a ji ba, ya sake. Sambo ya ce ba komi, yarinta ce. Bulala kuwa na sha ta da magariba, Baba Zuzu yana alwala bai waiwayo ba. Shanun sun kwana a gonarmu a ranin nan da na shekarun da suka biyo. Fanta ta ci gaba da kawo nono, amma in ni aka aika da kwano, daidai take aunawa. Ba ta ƙara yi mini gyara ba har na bar ƙauyen.

Yanzu Baba Zuzu ya ajiye aiki, yana Yamai, idonsa ya yi rauni. Na zauna a gidansa shekara uku ina lise, ni nake karanta masa jarida. Lauyoyi da alƙalan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa kan zo gaisuwa suna tuna masa manyan shari'u, wadda ya rushe da wadda ya tabbatar, yana gyara musu inda suka ƙara gishiri. Zancen waken bai taɓa tayar da shi ba, ko da wasa. Ni ban karanta shari'a ba, ba ni da haƙurin, magani nake sayarwa a farmasi. Sambo ya rasu. Ƴaƴansa sun tashi da shanun tun da hanyoyin arewa suka lalace da rashin tsaro, mutanen da suka sha rijiya ɗaya suka fara kallon juna ta wutsiyar ido. Ƙanena ke noma gonar, da takin buhu in ya samu. Da na je gaida Baba Zuzu da sallar da ta wuce, ya tambaye ni wa ke kwana a gonar da rani. Na ce ba kowa, gara ce ke cin karan. Ya ce to, ya nemi a miƙo masa carbinsa. Sai da aka zauna har sau biyu kafin a hana shanun nan tashi a kan ƙaryar yarinya ɗaya. Da suka zo tashi na gaske, ba wanda aka kira zama.